Yadda za ku gyara unguwarku har mai kuɗi ya daina tashi daga cikinta

Akwai abin da na daɗe ina lura da shi a unguwanninmu na Kano, musamman irin namu na awon igiya da ke bayan gari, duk wanda Allah Ya buɗa wa abu na farko da yake yi shi ne ya kwashe iyalinsa ya tashi. Yaro a layin aka haife shi, a nan ya yi allo a nan ya buga ƙwallo, amma ranar da ya samu aikin banki ko shagonsa na Kantin Kwari ya kankama sai ka ji wai ya kama haya a wata unguwa, mu kuma mu zauna a dakali muna cewa ya fara girman kai. Ba girman kai bane malam, matarsa ce ta gaji da tsallake kwata da goyo a baya.

Kuma abin da ba ma lissafawa shi ne ba shi kaɗai ya tafi ba. Cefanensa na kullum ya bi shi, ɗinkin sallar yaransa ya bi shi, askinsa, wanki da guga, markaɗen gidansa, kuɗin makarantar yara, har ɗan abin da yake miƙa wa maƙota ranar da aka wayi gari babu. Mutum goma irinsa su tashi sai ka ga mai tireda ya fara ƙorafin ba ciniki, tela ya koma bakin titi, shikenan unguwa ta zama wajen kwana kawai. Na yi shekaru ina riƙe da littafin ƙungiyar ci gaban unguwarmu, toh abin da zan faɗa nan wanda muka gwada ne, wani ya yi wani kuma mun sha kunya.

Kafin ku kira taro ko ɗaya, ku fara zuwa wajen mutum uku. Na farko dillalin gidaje. Shi ne ya san dalilin da ya sa mai neman haya yake zuwa ya duba gida ya ce zai dawo kuma har yau bai dawo ba. Ku saya masa shayi ku tambaye shi me suke tambaya, zaku ji kusan abu ɗaya ne kullum, akwai ruwa? ana kawo wuta? ruwa na shiga gidaje da damina? mota na iya shigowa? ana ƙwacen waya? Na biyu ɗan adaidaita sahu. Tunda aka hana acaɓa a Kano a 2013 adaidaita ce ƙafar talaka, in direba yana cewa "Hajiya ni bakin titi zan sauke ki, ba na shiga ciki" toh ku sani duk buhun da mai shago zai shigo da shi sai ya biya ɗan dako ko mai baro, kuma a kanku zai fanshe. Na uku, wanda mu maza muke mantawa, matan aure. Su ne suke wuni a unguwar, su ne masu awara da ɗanwake da taliyar murji da ƙuli-ƙuli da kitso da lalle da turaren wuta, rabin kasuwancin unguwa a cikin gidaje yake ba a shago ba. Ba sai kun shiga gidan kowa ba, ku roƙi malamar islamiyyar matan aure ta tambaye su ta kawo muku amsa. Mu da muka yi haka mun ɗauka transfoma za su ce, sai ga shi abin da ya fi damunsu duhun lungun da yara ke bi in an aike su bayan magariba.

Daga nan sai mai unguwa. Kar ku kuskura ku fara komai bai sani ba, ko da kuwa kuna ganin ba shi da wani ƙarfi, ku je ku gaishe shi ku ce ranka ya daɗe ga abin da yaranka suke so su yi, a sa mana albarka. Shi da liman ku sa su iyayen ƙungiya, amma dan Allah kar ku ba su riƙon kuɗi, ba don ba a yarda da su ba, sai don ranar da lissafi ya rikice babu yaron da zai iya tsayawa ya ce baba ina ragowar. Mu hakan ta same mu, an yi karo-karo na gyaran wuta aka damƙa wa wani dattijo mai mutunci, ba rasit ba littafi, ni har ga Allah ban yarda ya ci ko kwabo ba, amma da aka zo lissafi bai cika ba, sai da muka yi kusan shekara biyu in ka ɗauko maganar tara kuɗi kowa sai ya kalli gefe. Saboda haka ku yi rijista, a ƙaramar hukuma akwai sashen ci gaban al'umma, in kuna da hali ku je CAC, hukumar rijistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku yi ta amintattu, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya wanda sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu kuɗi zai fita. Duk wata ma'aji ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a takarda ɗaya ya manna a ƙofar masallaci, ya ɗauki hoto ya tura guruf ɗin WhatsApp. Ko naira 500 aka sayi tsintsiya a rubuta.

A kwamitin ku sa 'yan haya, ku sa baƙi, in akwai Bayarabe ko Ibo mai kemis a layin ku jawo shi, ku sa matasa ba wai su zama masu ɗauko benci kawai ba. Siyasa kuma kowa ya bar hularsa a gida, kun gane abin da nake nufi. Kuɗin wata ya zama ɗan kaɗan wanda ba zai yi wa kowa nauyi ba, masu shago su ɗan ɗara, gidan marayu da zawarawa a ɗauke musu ba tare da an yi shela ba, wanda ba shi da kuɗi ya kawo ƙarfinsa ranar aikin gayya.

Aikin farko kuma ni dai a ganina kwata ce, ba masallaci sabon fenti ba, ba allon sunan ƙungiya a bakin titi ba. Dalili, ita ce mafi arha kuma ita ce kowa zai gani da idonsa cikin sati ɗaya, kuma mutanenmu sai sun gani suke sakin kuɗi. Amma akwai yadda ake yi. Ba a fafe gora ranar tafiya, a watan Afrilu ko farkon Mayu ake yashe kwata tun ƙasa na bushe, ba a Agusta ba lokacin da ruwa ya riga ya shiga ɗakin amarya. Abin da ake yi a Agusta shi ne kallo, ranar da aka tafka ruwa mutum biyu uku su sa takalmin roba su bi ruwan da ƙafa tun daga saman unguwa har inda yake faɗawa babban lambatu ko kududdufi, suna ɗaukar bidiyo, a nan zaku ga inda yake tsayawa da inda wani ya toshe masa hanya, sai ku ajiye wannan ya zama taswirarku ta rani. In an zo yashewa daga ƙasa ake farawa a hau sama, in kuka fara daga sama kun tura wa na ƙasa da ku bala'i ne kawai kuma faɗa zai tashi tsakanin layi da layi.

Kuskuren da kusan kowace unguwa take yi, a yashe kwata a jibge baƙin taɓon a bakinta a tafi ana murna, kwana uku awaki da yara da tayar adaidaita sun mayar da shi inda ya fito. Kafin a ɗaga shebur ko ɗaya ku tabbatar kun shirya abin da zai kwashe, ko ku rubuta wa hukumar kwashe shara ta REMASAB tun da wuri ku bi takardar da ƙafa, ko ku yi cinikin tifa da kuɗinku, a bar taɓon ya tsane kwana ɗaya biyu a ɗebe. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli daga 7 zuwa 10 na safe dama an hana zirga-zirga, matasa na gida ba abin yi, toh ga ranar gayya an ba ku kyauta, a haɗa kunu da ƙosai a ajiye a bakin layi zaka sha mamakin hannun da zai fito. Wanda ya gina dakali ko ya fito da shago a kan kwata kuwa kar matasa su je da guduma, wallahi gaba ce ta shekara ashirin. Mai unguwa da liman su same shi, a ba shi zaɓi, a fasa a zuba silab mai ɗagawa a kai ƙungiya ta taimaka da rabin siminti, yawanci suna yarda in ba a tozarta su a gaban jama'a ba. Kai ƙara hukumar tsara birane ta KNUPDA sai an rasa yadda za a yi. In kuɗi ya ragu ku zuba kwalbati a bakin babban layi ku bi ramuka da ɓaraguzai da burji, ranar da ɗan adaidaita ya fara shigowa har ƙofar gida ba tare da ƙarin kuɗi ba toh kun ci rabin yaƙin.

Shara ita ce ƙanwar kwata, in ba a san inda za a kai ta ba kwata za ta koma, musamman ledar fiya wata. Kar ku ware fili ku ce nan ne bola alhali ba ku da mai kwashewa, kun kashe gidaje huɗun da ke kewaye da wajen kenan, ba mai sake kama haya a cikinsu. Gara ku samu matasa biyu uku ku saya musu baro ko kura, kowane gida ya dinga biyan wani abu a sati, su kai inda motar shara take tsayawa. Roba da gwangwani da ƙarfe nasu ne su sayar wa 'yan gwangwan. Da can ma sharar birnin Kano ba a banza take tafiya ba, manoman kewaye jakuna suke kawowa su ɗebi toka da kashin dabbobi su kai gona taki, leda ce ta zo ta ɓata abin, in gidaje za su ware leda gefe har yanzu akwai mai so.

Sai haske. Mutane suna ɗauka fitilar layi maganar ɓarayi ce kawai, a'a, maganar ciniki ce. Ka duba lokacin da kuɗi ya fi juyawa a unguwa, daga magariba zuwa wajen sha ɗaya na dare ne, lokacin da maza suka dawo daga kasuwa, mai shayi, mai tsire, mai soya kifi, yarinya mai awara, mai POS, mai cajin waya, duk a lokacin suke samu, layin da yake da duhu kuwa takwas na dare an rufe kowa ya tafi bakin titi ya kashe kuɗinsa a can. Yanzu fitilun sola masu haɗe da batir sun yi yawa a Sabon Gari, ku sayi ɗaya ku gwada ta sati biyu ku ga ko tana kai asuba kafin ku sayi goma, akwai na banza da yawa. A kafa ta sama sosai mai walda ya ƙone ƙusoshin, a sa wani yaro ya dinga goge fanel lokacin hunturu saboda ƙura na kashe caji. A fara da lungun da mata suka ambata.

'Yan sintiri in za ku kafa ku kai sunayensu wajen DPO, a biya su duk wata ko yaya ne don mai gadin da ba a biya shi ne ɓarawon gobe, kuma a gaya musu ƙarara ba duka ba yanke hukunci, an kama a miƙa. Ku bi kangwaye da filayen da masu su suka saya suka manta, a nan ake shaye-shaye a nan ake ɓuya, dillali ya san mai kowane fuloti, a kira shi ya kewaye ko ya ba da aro a yi wajen wankin mota ko buga bulo. Yaran da ake kira 'yan daba ɗinnan kuma ba daga sama suka faɗo ba, 'ya'yan layin ne, a wajenmu biyu daga cikin masu turin baron shararmu daga can muka ɗauko su. Maganar sa get a bakin layi ban cika so ba, in kun dage toh mai makulli ya kwana a wajen, don akwai daren da mace za ta tashi da naƙuda ƙarfe biyu.

Ruwa ba zan daɗe a kai ba don kowa ya san zafinsa. In kun samu mai hali zai haƙa burtsatse sadaka, ku roƙe shi ya sa sola maimakon janareta, kuma ku roƙe shi ya yarda a dinga karɓar ɗan wani abu kan kowace jarka a ajiye na gyara, duk rijiyar da aka ce kyauta ce ɗari bisa ɗari ranar da famfon ya ƙone ta mutu kenan, ku zaga ku ƙirga tankunan da suke tsaye a bushe da sunan wani ɗan siyasa a jiki. A nisanta ta da masai kamar mita 30, a kai ruwan a gwada. 'Yan ga-ruwa kuma kar a kore su, a ba su lokacinsu na ɗiba, su ne famfon gidan da babu yaro. Wuta kuwa kafin ku tara miliyoyi ku sayi transfoma ku sani a ƙa'idar NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, kamfanin rarraba wuta ne ke da alhakin samar da ita, in kun ga ba za ku iya jira ba ku yi yarjejeniya a rubuce da kamfanin, wato KEDCO, kafin ku biya, ba bayan an ɗora ba. Ku kewaye ta ku sa mata fitila saboda ɓarayin waya da mai, masu satar wuta ta bayan mita kuma ku faɗa musu gaskiya su ne suke ƙona ta.

Wani abu da yake ba ni baƙin ciki da awon igiya, mai gona ya yanka komai ya sayar har hanya sai an yi faɗa, ba filin makaranta ba na asibiti ba na kasuwa, wani wajen ko maƙabarta babu. In har yanzu akwai fili a unguwarku ku haɗa kuɗi ku saya yau, ko ku nemi wani ya ba da waƙafi, a yi takarda da sunan ƙungiya da shaidu da hatimin dagaci don magada ba su san alkawarin baki ba. Ko ba ku da kuɗin gini ku bar shi yara su yi ƙwallo, da yamma mata su kasa kayan miya a gefe, 'yar kasuwa haka take farawa. Tunda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya sa mutane da yawa sun gwammace su sayi abu kusa da gida ko da da ɗan ƙari, wannan dama ce ga unguwar da ta tanadi wajen kasa kaya. Ku dasa bishiya a Yuli da ruwa ya zauna, darbejiya ko mangwaro, nesa da katanga kaɗan saboda saiwa, a kewaye da ƙaya ko tsohuwar taya don awaki, kowace a damƙa wa gida ɗaya. Ka lura duk inda inuwa ta samu a Kano sai ka tarar da mai faci ko mai wankin hula ko mai gyaran takalmi a ƙarƙashi.

Ku kuma duba me kuke da shi kusa da ku wanda yake jawo mutane. Samaru a Zariya jami'ar Ahmadu Bello ce ta raya ta tun 1962, Danbare ɗaliban sabon mazaunin jami'ar Bayero (BUK) ne suka cika ta da gidajen haya da masu abinci, Dawanau hatsi ne. In kusa da makaranta kuke ɗalibi ɗaki mai banɗaki da ruwa yake nema, in kusa da tasha ko kasuwa kuke wajen ajiye kaya da wajen kwana ake nema, in unguwar teloli ce ku taimaka musu su haɗu a layi ɗaya su yi sola ta tarayya, har a fara cewa je ka layin teloli.

Gwamnati sai a ƙarshe na kawo ta da gangan, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kano mazaɓa 484 ce a ƙananan hukumomi 44, kowa kuka yake, wanda ake saurara shi ne wanda ya zo da takarda ɗaya, buƙata ɗaya, hoton wajen, kiyasin injiniya, da jerin abin da suka riga suka yi da kuɗinsu. Ku ba kansila kwafi, ciyaman kwafi, ɗan majalisar jiha kwafi, a buga muku hatimin an karɓa, kuma ku kai tun tsakiyar shekara kafin a rufe kasafin kuɗi. Tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a dinga ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, toh ku dinga tuna wa ciyaman. Lokacin zaɓe in sun zo kar ku karɓi taliya da atamfa, ku nuna musu kwalbati ku ce a zuba kafin ranar ƙuri'a. In an yi shiru wata uku akwai gidajen rediyo, amma a je da ladabi, a faɗi matsala ba a zagi mutum ba don gobe wajensa za ku koma.

Sai abin da ba wanda ya gaya mana. Da kwata ta gyaru fitila ta kama adaidaita ta fara shigowa, masu gidaje suka farka, haya ta tashi, wani magidanci da shi ne kan gaba wajen shiga kwata har gwiwa duk gayya, mai gidansa ya aiko dillali wai ko ya biya sabon farashi ko ya ba da makulli, akwai mai so. Saboda haka tun kafin ku fara aiki ku tara masu gidajen haya gaban mai unguwa, a yi magana a rubuta cewa wanda yake ciki ba za a yi masa ƙari ba sai da sanarwa mai tsawo kuma daidai gwargwado, sabon shigowa shi ne zai biya sabon farashi. Ba doka bace, kunya ce kawai take riƙe ta, wasu za su sa hannu wasu za su ce gidansu ne. Mu lokacin ba mu yi ba, sai da liman ya taka har shagon mai gidan a kasuwa sau biyu sannan aka bar mutumin ya ƙara shekara ɗaya a kan tsohon kuɗi, kuma shekarar a watan gobe take cika.